Amorot, Birnin da Bai San Rani Ba

A shekara ta 1516 aka buga wani ɗan littafi da harshen Latin a garin Luven, cikin ƙasar da ake kira Beljiyam yanzu. Sunansa Yutofiya. Mai rubuta shi kuwa Tomas Mor ne, lauya, haifaffen Landan, wanda daga baya ya zama babban wazirin Sarki Henri na Takwas, har sarkin ya sa aka fille masa kai a 1535 domin ya ƙi yarda cewa sarki ne shugaban ikilisiyar Ingila. In an tashi zancen littafin nan, yawanci maganar zinariya ake fara kawowa, yadda mutanen tsibirin suke ƙera tukwanen fitsari da sarƙoƙin bayi da ita don su rena ta. Amma manomi yana da tambayar da ta riga wannan. Mutanen birnin nan, me suke yi daga wannan kaka zuwa ta baɗi? Wace unguwa ce take cika sa'ad da amfanin gona ya shigo, wace ce kuma take zama fayau? A wurin amsa wannan ne ake ganin ƙarfin littafin, a nan kuma ake ganin gurguntarsa.

Ga yadda aka tsara wurin. Tsibirin yana da birane 54, babbansu Amorot, a bakin wani kogi mai suna Anida. Kowane birni yana da gidaje 6,000, kowane gida kuwa da manya daga 10 zuwa 16. An raba birnin kashi huɗu daidai wa daida, a tsakiyar kowane kashi akwai kasuwa. Kasuwar ba ta ciniki ba ce. Kowane gida yakan kawo abin da ya saƙa ko ya ƙera, a ajiye a ɗakunan ajiya iri iri, maigida kuma ya zo ya ɗauki abin da iyalinsa suke bukata, ba kuɗi, ba jingina. Gidaje talatin talatin suna da shugabansu da babban zaurensu inda suke cin abinci tare in an busa ƙaho. Wanda ya yi lissafi zai ga zaure 200 ke nan a birnin, watau 50 a kowace unguwa. Sana'o'in kaɗan ne: aikin ulu, aikin lilin, gini, ƙira da sassaƙa. Ana aiki awa shida a yini, uku kafin tsakar rana, uku bayan hutu.

Noma kuwa na kowa ne. Kowane gidan gona yana da mutum 40 ko fiye, da bayi biyu. Kowace shekara mutum 20 da suka cika shekara biyu a gona sukan koma birni, a aiko da wasu 20 madadinsu, waɗanda suka riga su da shekara guda su koya musu aiki. Da girbi ya kusa, sai shugabannin ƙauye su aika wa mahukuntan birni yawan hannun da suke bukata. Jama'a su fito, in rana ta yi kyau a kusan gama girbin hatsi duka cikin yini ɗaya.

Lalle a nan Mor ya cancanci yabo, gama ya gane abin da masu zana birane a takarda sukan manta, watau birni cikin gona yake ci. Ya gane kuma cewa wahalar girbi wahalar hannuwa ce a cikin kwanaki kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san abin da taron mutane yake iya yi wa gona kafin azahar. Mor ya ɗauki gayya ya mai da ita dokar ƙasa, ya sa magini da masaƙi su san nauyin lauje, don kada wani ya zauna cikin inuwa yana rena mai noma. Ya ƙara da zancen ajiya. Kowace shekara dattawa uku uku daga kowane birni sukan taru a Amorot su duba inda aka sami yalwa da inda aka yi rashi, a kwashi na wannan a cike wa wancan kyauta. Ba a fitar da kome ƙasar waje sai an ajiye abincin shekara biyu, saboda ba wanda ya san abin da baɗi za ta kawo. Rarar da aka fitar ma, kashi ɗaya cikin bakwai na matalautan ƙasar da aka kai wa ne. Wannan yana tuna wa mai karatu rumbunan Yusufu a Masar, sai dai Yusufu sayar da hatsin ya yi, mutanen Amorot kuwa rabawa suke yi a tsakaninsu.

Mor bai tsara wannan don wasa kaɗai ba. A kashi na fari na littafin ya yi kuka a kan masu ƙasa na Ingila da suke korar talakawa daga gonaki suna shinge su don kiwon tumaki, saboda ulu ya yi daraja, har ya kwatanta tumakin da dabbobi masu cin mutane. A ƙarshen littafin kuma ya kawo misalin shekarar yunwa, ya ce da za a buɗe rumbunan mawadata bayan ta wuce, da an tarar da hatsin da zai ishe dukan waɗanda suka mutu. Mutanen jihar Maradi da suka ga 2005, bayan fari da farin dango na 2004, ba su bukatar a fassara musu wannan magana. Gero yana nan a kasuwa, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Bankunan hatsi da ake kafawa a ƙauyuka, a saya da kaka a sayar da sauƙi in bazara ta tsananta, ƙaramin ɗan'uwan dabarar Amorot ne.

To, amma daga nan littafin ya fara ɗingishi.

Unguwanni huɗun nan ba su da wani bambanci. Mai ba da labarin ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya san birni ɗaya na tsibirin ya san sauran duka, haka kuma unguwannin suke. Gidajen iri ɗaya ne, hawa uku, da lambu a baya, har ma akan sake rabon su da ƙuri'a kowace shekara goma don kada kowa ya ce nan nasa ne. Alhali kuwa shi Mor da kansa ya ce birnin yana kan gangaren tudu ne, yana saukowa zuwa kogi. Ya ce an gina gadar dutse a gefen da ya fi nisa da teku domin jiragen ruwa su iya bin gaɓar birnin duka ba abin da ya tare su. In haka ne, akwai unguwar da take kallon jirage, akwai wadda take kallon hanyar gona. Yaushe jiragen suke tashi da ulu, da zuma, da fata, da kakin zuma? Yaushe suke komowa da baƙin ƙarfe? Wa yake dako a ranar? Littafin bai ce kome ba. An gina mashigin jirage, an bar shi ba kowa.

Abin mamaki shi ne mutumin da ya rubuta wannan ya san birni sarai. An haife shi a 1478 a wata hanya ta Landan da ake kira Hanyar Madara, kusa da Hanyar Burodi, cikin gari inda sunan titi yake faɗin abin da ake sayarwa a wurin. Daga 1510 yana riƙe da muƙamin shari'a a birnin. Ya san filin Simitfil inda ake cinikin dabbobi, inda kuma ake cin babbar kasuwar Bartalamawas kowane watan Agusta, masu sayar da yadi su cika wurin kwana kaɗan su watse. Ya san cewa a watan Nuwamba ake yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa cikin hunturu ba, a sa wa naman gishiri. Ya fara rubuta littafin ma a 1515 yana cikin tawagar da aka aika ƙasar Filandas don sasanta zancen ciniki. Ba rashin sani ba ne. Da gangan ya share shekara daga birninsa.

A duba zancen awa shida. Wata dokar Ingila ta 1495 ta ce daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Satumba lebura ya kama aiki kafin ƙarfe biyar na asuba, kada ya tashi sai tsakanin bakwai da takwas na yamma, sauran watanni kuwa daga wayewar gari zuwa duhu. Doka ce mai tsanani, Mor kuma ya kyauta da ya tsaya wa lebura. Duk da haka dokar ta san cewa rana tana tsawo tana gajarta. A Amorot alamar juyawar shekara kusan guda ce: bayan abincin dare akan yi hira awa ɗaya, a lambu in lokacin zafi ne, a zaure in lokacin sanyi ne. Tufafinsu ma iri ɗaya ne da ya dace da zafi da sanyi. Girbin yini ɗayan nan na hatsi ne kaɗai. Amma mutanen suna shan ruwan inabi da na tuffa, suna saƙa lilin da ulu, suna huɗa da shanu. Inabi yana da ranar tsinkarsa, tsiron lilin yana da lokacin cirewa da jiƙawa, tumaki suna da watan sausaya, shanu suna bukatar a tara musu ciyawa. Kowane ɗayan waɗannan yakan cika wata kasuwa ya bar wata, ya sa masaƙa su rasa barci wata biyu, sa'an nan su zauna jiran zare. Da marubucin ya bi ulu daga bayan tunkiya har zuwa cikin jirgi, da unguwannin nan huɗu sun sami fuska.

Masu kare littafin sukan ce ai ba'a ce. Suna da hujja. Da harshen Helenanci, Yutofiya ma'anarta wurin da babu shi, Anida kogin da ba ruwa, sunan mai ba da labarin kuwa, Rafayel Hitlode, yana nufin mai baza shirme. A shafi na ƙarshe ma Mor ya nuna kansa yana shakkar abubuwa da yawa da ya ji. Gaskiya ne. Sai dai ba'ar ba ta hana shi ƙidaya faɗin titi ƙafa 20 ba, ba ta hana shi faɗin cewa rigar fata ta aiki tana kai shekara bakwai ba, ko cewa asibitoci huɗu ne a bayan ganuwa, masu kula da su ne kuma suke fara zaɓen abinci a kasuwa. Wanda ya auna titi da ƙafa, ana iya tambayarsa watan da titin yake cika.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A ƙasar da ruwan sama yake zuwa wata uku ko huɗu, mutum yakan gama girbi ya ɗaure ɗan kayansa ya tafi cin rani, ya yi dako ko ga-ruwa ko gadi a birni, ya komo da kuɗin iri kafin shuka. Ba daɗi ne yake kai shi ba, amma ƙafarsa tasa ce. Mor zai ce mutumin Amorot ba ya bukatar wannan tafiya, tun da rumbu a cike yake. Mai yiwuwa. Amma ba a bar masa zaɓi ba. Wanda yake so ya ziyarci wani birni sai ya nemi takardar izini, an rubuta ranar komowarsa a ciki. In aka kama shi a wajen iyakar ƙasar birninsa ba takarda, a komo da shi kamar gujajje a hore shi. In ya sake, ya zama bawa. Watau domin a daidaita shekara, sai da aka ɗaure mutum.

Aikin da ba ya daidaituwa kuwa, wa yake yin sa? Bayi. Su suke yanka da fiɗa a bayan gari bakin ruwa mai gudu, domin an ce yanka yana kashe tausayi a zuciyar ɗan gari. Su suke aikin ƙazanta da na nauyi a zaurukan cin abinci. Waɗansu masu laifi ne, waɗansu kamammun yaƙi, waɗansu kuwa an sayo su ne ko an karɓo su daga ƙasashen da aka yanke musu hukuncin kisa. Sa'an nan akwai kashi na ƙarshe da littafin ya ambata a taƙaice ya wuce: matalautan leburori na wasu ƙasashe, waɗanda suke zuwa da kansu neman aiki. An ce ana riƙe su da mutunci kusan kamar ƴan gari, sai dai akan ƙara musu aiki kaɗan tun da sun saba, in kuma suna so su tafi ba a hana su, ba a sallame su hannu wofi. Ɗan cin rani ke nan, ya shigo birnin da aka ce ba a bukatarsa. Ba a faɗi unguwar da yake kwana ba, ba a faɗi watan da yake zuwa ba, an dai rubuta shi cikin babin bayi.