"Allah Ya Gafarta" da "An Gafarta": Harshen Fansa a Zangon Kumasi

A wani gidan haya da ke Aboabo, a Kumasi, na taɓa raka Alhaji, maigidan da na sauka wurinsa, dubiya. Marar lafiyar tsohon mai gadi ne daga wajen Bolgatanga, Kirista, ya tsufa a zango har Hausa ta zauna a bakinsa. Yana kwance a tabarma, ga ƙwaryar koko da ba a taɓa ba, ga Littafi Mai Tsarki da bango ya saɓule an ɗaure da roba. Alhaji ya tsuguna ya ce, "Sannu, Baba. Allah ya sa kaffara ce." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Alhaji, Allah ya ba da sauƙi. Amma kaffarata ai tuni aka biya." Alhaji ya ja carbi sau biyu, ya koma tambayar magani.

Ba wanda ya ɓata wa wani. Amma a cikin gaisuwar nan aƙida biyu suka gogi juna, kuma da kalma ɗaya.

Dalilin yana cikin tarihin harshen. Lokacin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya da abokan aikinsa suka zauna juya Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a 1932, sun tarar Musulunci ya riga ya gyara wa Hausa kalmomin lahira. Zunubi, tuba, gafara, kaffara, alƙiyama, duk daga Larabci suka shigo ta bakin malamai. Da su aka yi aikin, juyin 1979 ma bai sauya su ba. Shi ya sa a Kumasi, inda Hausa ce ke haɗa Dagomba da Mosi da Frafra da Zabarmawa tun zamanin fataucin goro, Kirista ɗan arewa da maƙwabcinsa Musulmi kalma ɗaya suke ɗauka idan za a yi zancen lahira. Yawancin waɗannan Kiristoci ba Hausawa ba ne, kuma ibadarsu ta Lahadi sau da yawa da harshen gida ko Twi ake yi. Amma zancen tsakar gida da Hausa ne, kuma a can ake gwada aƙida.

Inda aka rabu shi ne lokacin aikatau. Bakin Musulmi addu'a yake yi: Allah ya gafarta, Allah ya sa mu dace, Allah ya sa mu cika da imani. Ko malami za a kira, "Allah gafarta malam" ake cewa. Tarbiyyar ita ce bawa ya zauna tsakanin tsoro da fata, kada ya yanke ƙauna daga rahama, kada kuma ya yanke wa kansa Aljanna. Kirista na zuriyar Furotesta kuwa labari yake bayarwa: an gafarta mini, an fanshe ni, na sami ceto. Ita ma "ceto" haka take. Musulmi na jin ta sai ya tuna ceton Annabi ranar tsayuwa, abin da ake jira. Kirista na nufin aikin da Mai Ceto ya gama a kan gicciye.

Kunnen zango yakan ji wannan kamar alfahari, ko shiga hurumin Allah. A ganina fahimtar ba ta cika ba. Mai wannan aƙida ba kansa yake yabo ba. Cewa yake aikinsa bai isa ya saye shi ba, wani ne ya biya. Wasiƙar Yohanna ta fari, wadda ake yawan jingina da ita, ta ɗora gafarar mai furta zunubi a kan amincin Allah ne. Kalmar da ta fi ɗaukar nauyin nan kuwa ita ce "fansa", wadda ba ta buƙaci malami ya fassara ta ba, domin kasuwa ta riga ta koya wa mutane. A ƙasar Hausa bawa kan yi murgu, yana biyan ubangidansa yana tara na fansar kai, ko dangi su zo da kuɗi su karɓe shi. Kumasi ma ta san wannan ciniki: bayin arewa da aka sayo daga kasuwar Salaga sun cika gonakin Asante. Har mutumin da cocin Presbyterian na Adum ke ɗauke da sunansa, Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel, kamamme ne. Sojojin Asante suka kama shi da matarsa a Anum a 1869, aka yi ta cinikin kuɗin fansarsu shekara da shekaru, sai da rundunar Ingila ƙarƙashin Wolseley ta doso Kumasi a farkon 1874 aka sake su. Ya dawo Kumasi a 1896 ya kafa mishan. Jikan wanda aka taɓa yi wa kuɗi, idan aka ce masa an biya, ba ya tambayar ma'ana. Wanda aka fansa ba ya cewa "ina fata ni ɗa ne".

Sai dai kada a ɗauka Kiristocin Kumasi murya ɗaya gare su. Metodis sun gaji tabbacin zuci daga John Wesley, wanda ya ce ya same shi a wani taro a Landan ranar 24 ga Mayu 1738. Katolika, da Dagaaba da yawa ke cikinsu, suna bin hukuncin taron Trent na 1547, wanda ya ƙi yarda mutum ya yi da'awar cikakken yaƙini kan makomarsa. A wurinsu gafara abu ce da ake ji da kunne daga bakin fada bayan an furta laifi, a sake dawowa idan an sake faɗuwa. A nan ɗan Katolika ya fi kusa da Alhaji fiye da yadda su biyun suke zato.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sababbin coci-coci masu kwanan addu'a. Su suka fi kowa ɗaga murya cewa jinin Yesu ya wanke komai, su ne kuma ke kiran mutum mako-mako a karya masa la'anar kakanni, a sayar masa da man shafawa. Idan an biya fansa, wannan kuɗin na mene ne? Murgu ne ya dawo ta ƙofar baya.

Akwai kuma tambayar da zango ba ya fasa yi, kuma tana da nauyi: haƙƙin mutane fa? Wanda ya cinye kuɗin adashe ya tafi coci ya dawo yana cewa an wanke shi, matan gidan ba za su saurare shi ba. Linjila ma ba ta goyi bayansa ba. Zakka mai karɓar haraji, a labarin Luka, da ya tuba sai ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu.

Da muka tashi tafiya, tsohon ya riƙo hannun Alhaji ya ce, "Shekara ashirin muna gida ɗaya. In na taɓa yi maka laifi, ka yafe mini." Alhaji ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba. Ni ma ka yafe mini." Wannan karon duk su biyun roƙo suka yi.