Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

A 'yan shekarun nan dillalan gidaje sun samo sabuwar dabara. Idan tsohon gida ya faɗo kasuwa a Zangon Sokode ko a Didawure, sai dillali ya shiga da wayarsa yana ɗaukar bidiyo. Ya fara daga zaure, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a ɗakin uwargida: ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga sif mai madubi cike da tangaran, ga jeren kwanuka har kusa da rufi, ga agogon bango da ya daina tafiya. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin gari, ya kai Lome da Dapaong, har wurin 'yan'uwanmu mazauna Jamus. Ranar da na kawo maganar a shirina na rediyo, waya ba ta huta ba. Kowa ya bugo sai ya ce gidan ya tuna masa da kakarsa. Na tambayi wani ko zai saya ya zauna a ciki, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ni filin nake hange."

Sha'awar nan tana da tushe, ba zan musa ba. Sokode ta tashi ne a kan hanyar goro, wadda fatake suka riƙa bi daga ƙasar Hausa zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, kuma gidan Zango an tsara shi ne domin baƙo. A zaure maigida yake saukar da fatake, a nan ake ciniki, a nan yara suke karatun allo, a nan ake zaman makoki da ɗaurin aure, kuma duk wannan ba ya taɓa sirrin cikin gida. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana ya riƙe shi sai dare ya yi. Wanda ya taɓa yin watan Maris ko Afrilu a Dapaong cikin ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, ya san darajar wannan. Tsakar gida kuwa, da bishiyar mangwaro da rijiya, ita ce kicin, ita ce falo, ita ce filin wasan yara. Magabatanmu sun san ƙasarsu, sun yi gini daidai da ita.

Amma bidiyon dillalai ba wannan yake nunawa ba, kuma a nan nake da ja da su. Kyamara ta fi daɗewa a kan jere, alhali jere ba na gida ba ne. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, iyayenta suka yi mata, ita kuma ta ƙara da kuɗin adashi da na sana'arta. Kwanukan nan masu zanen furanni, waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Cekoslobakiya da Hong Kong kafin a fara ƙera irinsu a Najeriya da Gana, su ne bankin matan wancan zamani. Idan rashin lafiya ta zo a sayar da ɗaya, idan 'ya ta isa aure a ɗebi rabi a kai mata. Dillali yana jan ido da abin da ba ya cikin ciniki.

Na je ɗaya daga cikin gidajen nan da ƙafata. Mai ɗakin da kowa ya yaba tana nan da ranta, dillali ne ya roƙe ta ta koma bayan ƙofa har ya gama ɗauka. Na gaishe ta na ce, "Inna, ɗakinki ya yi suna a gari." Ta ce, "Ɗan nan, su zo da damina su gani." Ta nuna mini inda take jera robobi idan ruwa ya sauko, da katakon rufi da gara ta cinye, da gindin bango da ya fara zaizayewa. Tun rasuwar maigidan ba wanda ya sake yin yaɓe. Rabonta a gidan tumunin takaba ne, ita da abokiyar zamanta, kuma ba ta san inda za ta koma ba idan an sayar.

Wannan shi ne laifi na biyu na bidiyon: yana ɓoye dalilin sayarwa. Galibi rabon gado ne yake kai tsohon gida kasuwa. Magada sun yi yawa, wasu suna Lome, wasu Kwatano, wasu Kumasi, ba mai son kashe kuɗinsa a kan gyaran abin da na kowa ne. Sau da yawa kuma gidan ba shi da takardar mallaka ta hukuma, sai shaidar dattawan unguwa. Togo ta yi sabuwar dokar filaye a 2018, amma har yau rigimar sayar da wuri ɗaya ga mutum biyu ba ta ƙare ba, shi ya sa kake ganin an rubuta wa bango da Faransanci cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Mai saye da ya ruɗu da sif da agogo, bai tambaya ko duk magada sun sa hannu ba, shari'a ya saya.

Sai kuma abin da ke biyo bayan ciniki. Wanda yake da kuɗin sayen gida a tsakiyar gari ba kasafai yake son zaure ba. Rushewa yake yi, ya jera shaguna a gaba, ɗakunan haya a baya. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon Lome ta mayar da mutanensa bayan gari, har yau dattawa suna ba da labarin da takaici. Namu na arewa kuwa mu da kanmu muke cinye shi, gida bayan gida, muna yi muna yaba kyansa a waya. UNESCO ta sa Kutammaku cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta sa tsohon garin Agadas a 2013, Kano kuma ta mai da Gidan Makama gidan tarihi. Gidajen Zangon Sokode da na Dapaong ba su da irin wannan gata, sai abin da masu su suka yi musu.

Ba na cewa talaka ya zauna ƙarƙashin rufin da ke yoyo don idona ya ji daɗi. Wani ginin ya riga ya mutu, sai rushewa. Amma akwai abin da za a iya yi. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai hakkin shufu'a: idan wani cikin masu tarayya a gida ya sayar da kasonsa kafin a raba, abokin tarayyarsa ya fi bare cancantar karɓa a kan kuɗin da aka yi ciniki. Magada da yawa ba su san da wannan ba, ya kamata malamai su riƙa faɗa a wurin rabon gado. Mai sabon gini kuma, ko da siminti zai yi, ya bar zaure, ya bar tsakar gida da bishiya, ya ɗaga rufi ya sa silin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dillalai kuwa, roƙona gare su ɗaya ne. Idan za ku ɗauki ɗakin tsohuwa, ku nemi izininta, ku ɗaga kyamarar sama a ga rufin, sannan ku gaya wa mai kallo mutum nawa ne za su tashi idan ya biya.