Sharhi: Alhaki Kuykuyo Ne da Hausar Littattafan Soyayya

Yau za mu ɗan jingine nahawu tsagwaronsa mu leƙa littafi, amma dai zancen bai fita daga harshe ba.

Ni dai ba na ɓoyewa, littattafan soyayya ina karanta su, tun na haya masu bango mai hoton furanni har zuwa na yanzu da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Shi ya sa nake jin wani iri idan malamin Hausa ya ɗauki ɗaya, ya duba shafi biyu, ya ga "yace" da "tace", ya ajiye ya ce ai wannan ba Hausa ba ce. Wannan rigima ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka fafata a jaridu kan abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, a 2007 kuma har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano, waɗanda aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta. Abin da nake ganin ana yawan tsallakewa shi ne, kuskuren ƙa'idar rubutu daban, raunin harshe daban. Bari in kafa hujja da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990.

Ga wanda bai karanta ba: Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, 'ya'yansu tara. Da kuɗi suka zauna masa sai ya auro Delu, wadda ta yi zaman kanta, kafin a ce kwabo Rabi ta tsinci kanta a waje da garken yara. Da sayar da abinci ta riƙe su. 'Yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa, Delu ta nuna masa halinta, ya dawo yana neman Rabi.

In ka ɗauki jan biro ka bi littattafan wancan zamani, na Balaraba da na tsararrakinta, za ka sha aiki. Marubutan da kansu suke kai wa maɗaba'a, babu edita, babu mai duba gurbi, mai buga keken rubutu kuma ba lallai ya san ƙa'ida ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma gyara ne na mako guda. A ba ɗalibin NCE mai natsuwa, ya raba "ya ce", ya haɗa "gidansa", ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, shi ke nan an gama. Abin da ba ya gyaruwa da jan biro shi ne bakin mutanen cikin labari, kuma a nan Balaraba ta yi zarra.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Ka rufe sunan mai magana da yatsa, ka karanta abin da aka faɗa. In ka gane wane ne, ko aƙalla ka gane mace ce ko namiji, babba ko yaro, uwargida ko amarya, to marubucin ya san harshensa. A littafin nan gwajin yana fita. Maganar Rabi ta macen da ta saba haɗiye abu ce, takan kewaya kafin ta iso inda za ta. Ta Delu kuwa a tsaye take, babu lulluɓi, irin ta wadda ta ga jiya ta ga yau a bariki. Idan mata suka haɗu, habaici ne da gugar zana irin na tsakar gida, wanda kowa ya san da wa ake amma babu wanda zai iya kama bakin mai yi. Bahaushiya ba ta cika faɗin ɓacin ranta kai tsaye ba, sai dai ta jefa karin magana ta juya tuwonta. Wanda bai zauna ya saurari mata ba, ba zai iya rubuta wannan ba, ko da kuwa ya haddace littafin nahawun Galadanci.

Yanzu ku gwada wannan a yawancin na waya. Hajiya mai shekara sittin, da 'yarta 'yar jami'a, da mai aikin da aka ɗauko daga ƙauye, da direba, duk bakinsu ɗaya. Surukai suna hira kamar ƙawaye. Matar aure tana kiran sunan ɗan fari gatsau a gaban dangin miji, kuma ba don marubuciyar tana son nuna mana rashin kunyarta ba, a'a, ba ta ma lura akwai alkunya a wurin ba. Sai "ina misin ɗinki" da "ya faɗa soyayya da ita" da "ɗauki lokacinki", kalmomin Hausa a jere amma ginin na Turanci, alhali muna da kewa da bege, muna da "sonta ya kama shi", muna da "bi a hankali". Ga kuma yarinya fara tas mai gashi har gadon baya, wadda take sauke ajiyar zuciya sau uku a shafi ɗaya. Wallahi wani lokacin har tausayin ƙirjinta nake ji.

Abin dariya ma, ta fuskar ƙa'ida ba a ci gaba ba. Abin da ya kamata a raba ana haɗewa, wanda ya kamata a haɗe ana rabawa: "tasa" a maimakon "ta sa", sannan "motar ta" a maimakon "motarta". Kuma ma'ana tana canzawa. "Nace" naci ne, "na ce" faɗa ce. "Ya shiga daki", to wa aka daka? Ba na cewa duk na waya haka suke. Akwai masu alƙalami a cikinsu, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna abin da matan nan za su iya idan aka tace musu rubutu.

Kada kuma a ce na mayar da littafin Balaraba marar aibi. Ɓangaren Saudatu ya yi sauƙi da yawa: yarinya mai ladabi, attajiri ya gani ya aura, talauci ya kau. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da na yanzu suka gada suka ƙara mata gishiri. Gobarar ma ta zo daidai lokacin da labari yake buƙatarta. Inda littafin ya fi cizo shi ne ƙarshensa. Take ya yi mana alƙawarin alhaki zai bi ubangidansa, kuma ya bi shi, amma wa aka ɗora wa jinyar? Rabi. Maza suka taru suka matsa mata ta karɓi mutumin da ya watsar da ita, yanzu da ba shi da ko sisi. Wasu suna karanta wannan a matsayin sakayyar mai haƙuri. Ni ban ga Balaraba tana yi wa Rabi guɗa a wurin ba. Wadda aka aurar tun tana yarinya ƙarama, kuma ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, ta san abin da take nunawa. Ina jin wannan ɗacin ne ya sa littafin ya yi nisa har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

Saura batun da na san wani zai tayar: "kuykuyo". A daidaitacciyar Hausa kwikwiyo ake rubutawa, da "kw" kamar a kwikwiyon da kuka sani a ƙamus. Ɗalibai, in kuna rubuta insha'i ko amsar jarrabawa, ku rubuta kwikwiyo. Amma in sunan littafin za ku ambata, ku bar shi yadda yake a bango, don take suna ne, ba a yi wa suna gyara.