Na'ura da Hannu: Sharhi a kan Yaɗa Koyon Sana'a ta Hanyar Fasahar Zamani

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a bakin masu tsara harkokin ilmi a ƙasashe masu tasowa, watau cewa rediyo da talabijin, da kuma wayar salula da intanet a yau, za su iya kai koyon sana'a ga talakan da makaranta ba ta kai gare shi ba. Ba mu musa cewa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da muke ja a kai shi ne yadda akan fara da sayen na'ura, sa'an nan daga baya a shiga neman wanda zai koyar da ita. Za mu duba misalai uku.

Misali na farko: Nijeriya

A shekarar 1982 aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda ya samo asali daga manufar ilmi ta ƙasa ta 1977. Burin tsarin shi ne yaro ya bar ƙaramar sakandare yana da ɗan abin yi a hannunsa, kamar kafinta ko aikin ƙarfe ko gyaran lantarki. Saboda haka gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangare, ta rarraba wa makarantu. To amma makarantu da dama ba su da lantarki, ba su da ɗakin koyon aiki, ba su kuma da malamin da ya taɓa sarrafa irin waɗannan injuna. Sakamakon haka kaya masu yawa suka tsufa a cikin akwatunansu, yara kuwa suka ci gaba da haddace sunayen zarto da guduma daga allo. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Misali na biyu: Indiya

Daga watan Agusta 1975 zuwa Yuli 1976, Indiya ta yi amfani da tauraron ɗan'adam na ATS-6, wanda ta aro daga Amurka, ta watsa shirye-shiryen noma da kiwon lafiya zuwa ƙauyuka kimanin 2,400 a jihohi 6. A fannin fasaha an ci nasara, domin hoto ya isa inda jarida ba ta zuwa. Sai dai akwatin talabijin ba ya jin tambaya. Manomin da bai fahimci yadda ake auna taki ba, ba shi da ikon cewa a maimaita masa, kuma da shekara ta cika, aron ya ƙare.

Misali na uku: bidiyon manoma

A Indiyar dai, shirin Digital Green, wanda ya faro a 2006, ya bi wata hanya dabam. Manomin yankin ne ake ɗauka a bidiyo yana aiki a gonarsa da harshen garinsu, sa'an nan wani ɗan gari ya nuna wa ƙaramin taro, yana tsayar da hoton, ana tambaya yana amsawa, daga baya ya bi su gona ya ga abin da suka aikata. Binciken farko na masu shirin ya nuna cewa karɓar sababbin dabaru ta ninka ta tsohuwar hanyar malaman gona har sau 7. A ganinmu, sirrin abin yana ga wannan ɗan gari da ke tsaye kusa da majigi.

Tsokaci

Idan muka haɗa misalan nan, za mu ga cewa sana'a tana da ɓangare biyu. Akwai sani, wanda ido da kunne ke ɗauka, shi kuwa na'ura tana iya kai shi ko'ina da araha. Akwai kuma iyawa, wadda ke zaune a hannu. Bidiyo zai nuna wa yaro yadda ake riƙe sandar walda, amma sai wanda ya ƙware ne zai dubi ɗinkin ƙarfen ya ce wuta ta yi yawa. Haka nan kunnen bakanike ba ya sanin kukan inji sai ya shekara a gareji. Bugu da ƙari, darasin waya yana bukatar kuɗin data da caji da iya karatu, alhali su ne abubuwan da matalauci da matar karkara suka fi rasawa. Ke nan idan ba a yi hattara ba, na'urar da aka kawo don rage rata sai ta ƙara ta.

Kammalawa

Shawararmu ita ce a gina a kan abin da ke akwai. Garuruwanmu cike suke da teloli da maƙera da magina masu yara a ƙarƙashinsu, kuma Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ta gane haka tun 1987, da ta riƙa tura matasa wajen irin waɗannan masu sana'a. A ba maigidan shago darasin bidiyo da harshen da yake ji, a taimaka masa da wutar sola da kayan aiki, a kuma shirya wa yaransa jarrabawar hannu mai takardar shaida. Kafin a sa hannu a kan takardar sayen kowace na'ura, ya kamata a fara amsa tambaya guda: wa zai tsaya a kan mai koyo ya gyara masa kuskure?