Layukan da Ke Gaban Gogewa: Nazarin Bayanin Kayan Aikin Wakilan Kwamfuta

Akwai wani sabon nau'in rubutu da injiniyoyin manhaja ke yi a Landan da sauran manyan birane, wanda ba ɗan'adam ake rubuta wa ba. Shi ne bayanin kayan aiki, wato 'yan layukan da ake rubuta wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, manhajar nan da ke karɓar umarni da harshen mutane ta je ta aiwatar da kanta. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin Model Context Protocol a Nuwamban 2024, fasalin rubutun ya zauna: sunan kayan aikin, bayanin abin da yake yi, da guraben da za a cike. Wakilin ba ya leƙa cikin manhajar kayan aikin. Abin da aka rubuta masa yake karantawa, da shi yake yanke hukuncin ya aikata ko ya dakata. Idan aikin shi ne goge bayanan dubban kwastomomi a bugu ɗaya, to layukan nan sun cancanci a yi musu karatun takardar yarjejeniya.

Birtaniya ta san ɗacin irin wannan gogewa tun kafin wakilan su yaɗu. A Janairun 2021, kuskure a manhajar da ke share tsofaffin bayanai ya goge bayanan laifuka sama da 200,000 daga babbar kwamfutar 'yan sandan ƙasar, wadda cibiyarta ke Hendon a arewacin Landan. Shara ce da aka saba yi, amma ƙa'idar tantance abin da za a share ta karkace. Sai da ministan harkokin 'yan sanda na lokacin, Kit Malthouse, ya yi wa majalisa bayani, aka kuma shafe watanni ana dawo da bayanan. A Yulin 2025 kuma, wakilin kamfanin Replit ya goge rumbun bayanan Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr a Amurka, alhali an gargaɗe shi kada ya taɓa komai. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya amsa laifi, kamfanin ya raba rumbun gwaji da na ainihi.

Raunin wannan rubutu daga gado yake. Masu yinsa sun saba rubuta wa abokan aiki da suka san gidan, don haka sukan taƙaita: "Yana goge bayanan da suka dace da sharaɗi." Mutum zai cike giɓin da hankalinsa, wakili kuwa zai cike shi da zato. Bayani nagari dole ya amsa tambayoyi da dama. Me ake gogewa, sunan mutum kaɗai ko har tarihin cinikinsa? Ana iya dawowa da shi? Idan aka bar gurbin sharaɗi fayau, za a ƙi aikin ne ko za a share kowa? Mene ne iyakar adadi? Wa zai sa hannu?

Doka ta ƙara wa tambayoyin nauyi. Sashe na 17 na dokar kare bayanai ta UK GDPR ya ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, kuma a al'ada wata ɗaya kamfani ke da shi ya amsa. Amma dokokin hana halasta kuɗin haram na 2017 sun wajabta wa bankuna da kamfanonin aika kuɗi su ajiye takardun tantance kwastoma shekara biyar bayan rabuwa da shi. Bayanin da bai ambaci wannan togiya ba, zai sa wakili ya karya doka ɗaya garin bin wata.

To, yaya ake auna nagartar bayani? Daɗin karatu ba ma'auni ba ne, abin dubawa shi ne halin wakili bayan ya karanta. Ana gina rumbun gwaji da bayanan ƙirƙira, a jefa masa umarni masu tarko. A ce masa ya share tsofaffin kwastomomi, a gani ko zai tambayi ma'anar tsufan. A sa mutum uku masu suna ɗaya, a rubuta ɗaya Muhammad, ɗaya Mohammed, ɗaya Muhammadu, kamar yadda duk Bahaushen da ke aika kuɗi gida daga Landan ya san ana yi. A ɓoye umarnin gogewa cikin saƙon kwastoma, a ga ko zai ɗauke shi umarnin maigida. A maimaita kowane gwaji sau da yawa, domin amsar wakili takan sauya. A kuma ƙirga kuskure iri biyu: goge abin da bai kamata ba, da ƙin goge abin da mai haƙƙi ya nema. Cibiyar AI Security Institute ta gwamnatin Birtaniya, da ke Landan, ta saki manhajar Inspect kyauta a Mayun 2024, kuma ana iya gina irin wannan jarrabawa a kanta.

Duk da haka, rubutu yana da iyaka. Tsarin Model Context Protocol ya tanadi alamar da ke nuna cewa kayan aiki mai ɓarna ne, amma shi kansa ya bayyana cewa ishara ce kawai, ba tabbaci ba. Gargaɗin da aka manna a ƙofar sito ba ya maye gurbin kwaɗo. Dole manhajar kanta ta ƙi sharaɗi fayau, ta nuna jerin sunaye kafin gogewa, ta jinkirta sharewar ƙarshe, ta jira amincewar mutum idan adadi ya yi yawa.

Hukumar kare bayanai ta Birtaniya, ICO, na iya cin kamfani tarar da ta kai fam miliyan 17.5 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara, kuma ba za ta karɓi uzurin cewa wakili ne ya yi ba. Bayanan kwastoma amana ce. Kamfanin da zai miƙa wa manhaja ikon goge su, wajibi ne ya jarraba kowane layi na bayaninsa, ya sake jarrabawa duk lokacin da aka sauya kalma ko aka sauya wakili, ya kuma san sunan ma'aikacin da zai amsa idan an yi ɓarna.