Akori-kurar da Ta Daina Ja

"Oga, motar nan ba ta ja." Da wannan magana direban akori-kura yake isa gareji kusan kullum. In ya ƙara wani abu, sai dai ya yanke hukunci da kansa, ya ce kafireta ce, a kwance a wanke. A bakin hanya kusa da unguwarmu akwai wani dattijon makanike da yake gyaran tsofaffin Fijo a ƙarƙashin darbejiya, na kuma daɗe ina zama a bencinsa ina kallon yadda yake karɓar irin wannan kuka. Ban taɓa ganin ya fara taɓa kafireta ba. Yakan bar ta sai ƙarshe, kuma sau da yawa kafin a iso kanta an gama aikin.

Motocin da yake fama da su ba yara ba ne. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransawa suka daɗe da mantawa da ita. Shi ya sa har yau akori-kurarta take ɗaukar buhunan masara da albasa daga kasuwannin ƙauye, kayan gyaranta kuma suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Wannan mota ba ta da kwamfutar da za a jona mata na'ura ta faɗi inda ke mata ciwo. Da ƙara take magana, da wari, da launin hayaƙi. Wanda bai iya wannan yare ba sai ya yi ta sauya kaya har aljihun mai mota ya ƙone.

Kafin ya buɗe bonet, tambaya yake yi, kamar likitan da bai yarda da "jikina ne ba daɗi" ba. Tun yaushe? Rana ɗaya ta fara, ko a hankali ta riƙa raguwa? Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗau zafi? Da kaya ko ba kaya? A ina ka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu? Direbobi kan ƙosa da wannan titsiye, amma kowace amsa tana rage masa aiki. Ciwon da ya zo rana ɗaya yawanci wani abu ne ya toshe ko ya tsinke. Wanda ya zo a hankali kuwa lalacewa ce ta tsufa.

Daga nan sai ya shiga a zaga da shi. Abin da yake son ya sani da farko shi ne ko injin ne ma ke da laifi. A giya ta huɗu zai ce a taka totur. In inji ya yi ihu amma mota ba ta ƙara gudu ba, to kuloci ne ya cinye, ƙarfin yana nan amma ba ya isa tayoyi. Da an dawo sai ya zaga yana kai bayan hannunsa kusa da kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta yana kamawa, motar tana jan kanta da kanta. Mutane nawa aka sauke wa inji alhali birkin baya ne kawai ya maƙale!

In kuloci da birki sun fita, sai ya ce wa yaronsa, "Kai, ciro min fulogi." Nan ne nake ganin gwanintarsa ta fi fitowa. Fulogi huɗu yake jerawa a kan tsumma, kowanne a gurbin da ya fito, ba ya bari a cakuɗa su. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau yake. Baƙi ƙirin mai busasshen kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat yana nufin mai bai isa ba, ko iska tana satar hanya ta wata gasket da ta fashe. Mai maiƙo kuwa, baƙin mai ne ke hawa inda bai kamata ba. Sai kuma ya duba ko duka huɗun bakinsu ɗaya. In duka sun yi baƙi, matsalar tana wurin da yake ciyar da su gaba ɗaya. In ɗaya ne ya bambanta, ba ruwan kafireta, sai a bi wayarsa ko bawul ɗinsa. Ya mayar da su, ya tayar da mota, ya riƙa zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Wayar da aka zare ƙarar inji ba ta sauya ba, wannan fistin ɗin dama barci yake yi, ukun ne ke ɗauke da kaya.

Wuta ita ce ɓarauniyar da ba a cika zargi ba. A cikin distibuta akwai kwantak, ɗan ƙarfen da yake buɗewa yana rufewa, tazararsa kusan milimita 0.4. Yau da gobe 'yar dunduniyarsa tana cinyewa, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Mota sai ta yi nauyi, ta riƙa shan mai, lagireto ya riƙa tafasa. In kuma wani ya murɗa taimin ya wuce gona da iri, a kan hawa za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Dattijon yakan sassauta distibuta ya juya ta kaɗan-kaɗan, kansa a karkace, har ya ji inda injin ya sake. Akwai fitila ta musamman da ake wannan aiki da ita, kuma ta fi kunne daidaito, ba na musu. Amma na ga an gwada fitilar bayan ya gama, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Wata rana aka kawo wata da ke lafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma da ta kama hawa da kaya sai ta fara shessheƙa ta mutu. A bar ta minti biyar, ta tashi kamar ba ita ba. An wanke mata kafireta sau biyu a wani wuri. Dattijon ya yi murmushi ya ce yunwa ce. A jikin kafireta akwai ɗan ƙoƙo da yake tara fetur. A sulo ko tafiya sannu, ɗan abin da ke ɗigowa ya isa ya cika shi. A kan hawa kuwa inji yana zuƙa fiye da abin da ke shigowa, ƙoƙon ya ƙafe, mota ta tsaya. Ya zare tiyon mai ya zura a kwalba, ya ce a buga sitata. Maimakon fetur ya riƙa tsartuwa, sai ya zo yana tsiyaya. Ya ciro filta ya busa da baki, kumatunsa suka kumbura, iska ba ta wuce ba. Ya juya ta ya bubbuga a tafin hannunsa, tsatsar tanki ta zubo ja kamar garin barkono. Direban ya riƙe baki ya ce, "Baba, wannan ce ta hana ni barci?"

Da filtar ta fita lafiya, da famfon mai zai koma, ko murfin tanki. In hudar numfashin tanki ta toshe, kana buɗe murfin za ka ji ya ja iska fuuu. A zafin Maris da Afrilu kuma fetur kan zama tururi tun a cikin tiyo, abin da ya sa tsofaffin direbobi suke ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan kafireta, baiwar Allah, kura da shan bugu. Aikinta ta haɗa iska da fetur, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi. Ramukan da man yake bi ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta rage su. Yana wanke su da fetur ya busa, ba ya yarda a zura musu waya, don da ramin ya ƙara faɗi shi ke nan, mota ta koma mashayiya. Haushinsa ya fi tashi in ya tarar an jefar da matatar iska wai don mota ta numfasa. Ƙurar hunturu da ya kamata ta tsaya a nan sai ta wuce ciki ta riƙa cin ringi kamar sanfefa. Wani lokaci ma ba abin da ya lalace. Motar da ta hau Jos, sama da mita 1,200 daga doron teku, dole ta rage kuzari saboda iskar can ba ta da kauri, da ta gangaro kuma ta dawo hayyacinta.

Akwai ranar da labari ba ya daɗi. In salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, aka buɗe murfin baƙin mai yana huci, aka auna matsin fistin aka ga ya faɗi, to inji ya gaji. Ba ya ɓoyewa, ba ya kuma karɓar kuɗin wankin kafireta don ya sallami mutum. Yakan ce a je a yi shirin sauke inji.

Mai akori-kura, in taka ta daina ja, kafin ka tafi gareji ka lura da lokacin da take yi, da sanyi ne ko da zafi, a hawa ne ko a miƙe, da inda ka sha mai na ƙarshe. Ka kai wa makanike waɗannan amsoshi, ka bar shi ya faɗi abin da za a kwance.