Azurfar da Ake Narkarwa da Hoton da Ke Riƙe Ta

Gidajen baje kolin fasaha na zamani sun rungumi wani salo: a jera kayan ado na ƙarfe cikin akwatunan gilashi, a rataye manyan hotuna a bangon da ke kusa da su. A 2006 an buɗe baje kolin Art of Being Tuareg a Los Angeles ta Amurka, aka haɗa azurfar Buzaye da hotunan masu saka ta. A 2018 gidan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington ya yi irin wannan da zinariyar matan Senegal, ya kira shi Good as Gold. Dalilinsu a fili yake. Sarƙar da ke kwance a akwati ba ta nuna yadda take zama a wuya, ko yadda 'yan kunne ke lilo idan mace ta juya kai. Hoto ne ke maido mata da jikin da aka raba ta da shi.

Wanda ya dubi wannan salo daga Sule Tankarkar ko Gagarawa zai ga wani dalili da ya fi wancan nauyi. A ƙasar Gumel ba a rasa kayan kallo ba. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, bayan karar shanu da ta raƙuma, matan Fulani na wucewa da sulalla a kitso da awarwaro cike da hannu, ga Buzaye da zobban azurfa da layu a ƙirji. Abin da muke rasawa shi ne tsohon abu. A wurinmu azurfa da zinariya ajiya ce kafin su zama ado. Mace ta sayar da akuyarta ta sayi 'yan kunne, ranar da ciwo ko biki ya taso ta kai su a ɗora a sikeli. Mai saye ba ya biyan kuɗin zanen da ke jiki, nauyi yake biya. Daga nan sai wuta. Munduwar kaka ta zama sarƙar jika, siffar farko ta tafi ke nan.

Ita kanta azurfar haka ta iso. Liyari, kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsa tsawon zamani bayan rasuwarta, ya ratso Sahara a hannun fatake. Wasu suka huda shi suka rataya, maƙeran fari kuma suka narkar da shi ba iyaka. Shi ya sa tsofaffin kayan adon ƙasar Hausa da suka tsira galibi waɗanda ƙasa ta rufe ne, irin 'yan kunne da zoben zinariya da aka tono a kusheyin Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, a 1992, waɗanda aka nuna a baje kolin Caravans of Gold kusa da Chicago a 2019.

A dubi yadda maƙerin Agadas ke yin shahararren abin wuyan nan na Buzaye. Yakan murza kakin zuma da yatsu har ya fitar da siffar, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya bar ƙaramar kafa. Ya sa a gawayi, yaro na ba da iska da zugazugi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sai a ɗura narkakkiyar azurfa. In ta huce dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito, sannan a bi shi da magagari, a zana masa ɗigo da layuka da ɗan tsinken ƙarfe. Kakin ya tafi, yumɓun ya tafi, don haka babu biyu da suke daidai ciki da bai. Wannan sassaƙa ce cikakkiya, ƙanƙantarta ce kawai ta sa ba a kiranta haka. Masu fasahar zamani da ke ƙera abin wuya mai girman da ba a iya yini da shi suna tafiya ne a hanyar da maƙeranmu suka daɗe da sani: manyan mundayen ƙafa da ke sauya takun mace, da kwalliyar dawakin hawan salla a Gumel, duk ba don sauƙin ɗauka aka yi su ba.

To, idan ƙarfen ba ya zama, ina siffar take ajiye? A hoto. Mai ɗaukar hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya gane haka game da kitso. Daga 1968 ya bi matan Najeriya yana ɗaukar kawunansu, yawanci ta baya, har ya tara hotuna kusan 1,000, aka nuna wasunsu a babban bikin fasaha na Venice a 2013. Kitso mako biyu yake yi a tsefe shi. Munduwa takan yi shekara talatin kafin a narkar da ita, amma makomarsu ɗaya. Hotunan Seydou Keïta na Bamako ma a yau ana karanta su don ganin 'yan kunne da zannuwan shekarun 1950. Mu ma muna da namu. Suna cikin akwatunan iyaye mata, da bayan madubi, da bangon ɗaki: amarya zaune a gaban jeren kwalla da tasoshi, murjani a wuya, lalle har ƙwauri. Mai hoton da ya ɗauka bai ce fasaha yake yi ba, amma shi kaɗai ya riƙe mana aikin maƙerin da ya riga mu gidan gaskiya. Zafi da ƙura da gara na cin waɗannan takardu kullum, kuma wannan na damuna fiye da rashin ginin baje koli.

Salon yana da aibinsa, kuma ya kamata a faɗa. Sau da yawa sunan mai kyamara ne ke bango da manyan baƙaƙe, maƙerin kuma a rubuta shi da sunan ƙabilarsa kawai, kamar yadda katunan hoto na zamanin Turawa suka saba. A nan baje kolin Buzaye na 2006 ya yi abin yabo, domin ya tsaya a kan gida guda na Agadas, ya ambaci maƙeri Saidi Oumba da matarsa Andi Ouhoulou mai aikin fata. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ya bi wata hanyar, ya zaunar da maƙera da dukawa a harabarsa suna aiki mai kallo na tsaye.

Sai batun matar da ke cikin hoton. Adon mace a ƙasar nan yanzu galibi yana ƙarƙashin hijabi, ana ganinsa ne a cikin gida, tsakanin mata, ranar kamu ko suna. Hoton da ta ɗauka don mijinta da 'yan uwanta ba a ɗauke shi don baƙi ba. Duk wanda zai tattara irin waɗannan hotuna a Gumel ko Sule Tankarkar sai ya shiga da sallama, ya nemi yardarta ko ta 'ya'yanta, ya yarda a ce masa a'a. Inda aka amince, ya zauna ya tambayi tsohuwar wa ya ƙera mata munduwar, a wace kasuwa, da kuɗin me ta saya, da abin da ya sa ta rabu da ita.